Mu Da Ke Zaune A Gindin Dutse

Bayan sallar isha'i ne, muna zaune a kan benci a ƙofar gida kamar yadda muka saba, sai wani yaronmu da ya gama sakandare bana ya fito da fom a hannu. Ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya miƙa wa mahaifinsa takardar ya ce, "Baba, nan wurin an ce a rubuta jiha da ƙaramar hukumar asali. Wacce zan sa?"

Mahaifin ya haska takardar da fitilar waya, ya daɗe yana dubawa. Yaron nan a Mubi aka haife shi, a nan aka yanke masa cibiya. Ubansa ma haka. Kakansa ne ya zo daga ƙasar Kano da jakuna yana fatauci, tun Turawa na nan. Amma ga mu mutum shida, kowa da furfurarsa, an rasa wanda zai ba yaro amsa kai tsaye. Wani ya ce a sa Mubi ta Arewa. Wani ya ce a'a, a sa garin kakansa, kada a je ana kai da kawowa a ofis har lokacin mai da fom ya wuce.

Muna cikin wannan musu sai babbanmu a wurin, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, ya gyara zama ya ce, "To ku tsaya. A cikinku wa ya san sunan kansilan mazaɓarmu?" Mutum biyu suka sani. Ya ce, "Mazaɓu nawa ne a Mubi ta Arewa?" Aka yi ta cinke. Ya ce, "Wa ya taɓa zuwa Gella da niyya, ba wucewa ba?" Shiru. Ya yi dariya ya ce, "Ashe yaron bai yi laifi ba. Ku ma ba ku san inda kuke ba."

Maganar ta yi mana zafi, domin gaskiya ce. Ita ce dalilin wannan rubutu. Mun ga ya kamata mu zauna mu tattara abin da muka sani game da ƙasar da muke kwana a kanta da hukumar da ta fi kusa da mu, ko yaranmu sa samu abin riƙewa.

Bari mu fara da abin da ido ke gani. Duk wanda ya fito sallar asuba ya dubi gabas, duwatsu zai gani. Waɗannan su ne duwatsun Mandara, sun miƙe a kan iyakar Najeriya da Kamaru wajen kilomita 200, tun daga kusa da Binuwai har can arewa wajen Gwoza da Mora. Mubi a gindinsu take ta yamma. Daga cikinsu kogin Yedzaram ya fito, ya ratsa ta gefen gari, ya nufi arewa, ya bi ta dajin Sambisa da Bama, ya doshi Tafkin Chadi. Da rani yashi ne, yara na wasa a ciki, masu tipa na ɗiba, mata na tona rijiyoyi. Da damina kuwa, in an yi ruwa a kan dutse, ko ɗigo bai sauka a gari ba sai ka ji shi yana ruri.

Wani abin da malaminmu na firamare ya taɓa gaya mana, bai fita ranmu ba, shi ne ruwan Mubi ba ya zuwa teku. In ka yi yamma da kudu kaɗan, ta wajen Hong da Song, ruwan can Kilange yake bi ya faɗa Binuwai, Binuwai ta haɗu da Kwara a Lakwaja, su gangara har teku. Namu kuwa baya ya juya wa teku, Borno ya nufa. Abin da ke zuwa bakin teku daga Mubi shanu ne. Kasuwar Tike tana karɓar dabbobi daga Kamaru da Chadi da sassan Arewa maso Gabas, a loda su a tirela, su kwana a hanya har Legas da Fatakwal. Da yawanmu a nan muke ci: dillalai, 'yan kamasho, mahauta, direbobi, masu canjin sefa, har matanmu masu sai da abinci. Hanyar Yola, wajen kilomita 200 ta Mararraba da Hong da Gombi, mun san ta kamar tafin hannunmu. Hanyar Sahuda zuwa Bukula ta Kamaru ma masu harkar iyaka sun san kowane raminta. Abin da ba mu sani ba shi ne abin da ke dama da hagun hanya.

A dama da hagun nan akwai mutane. Gude da Fali da Njanyi su ne suka kewaye garin, ga Fulani da suka kafa sarauta, in an ƙara arewa a tarar da Higi da Margi, yamma kuma Kilba. Masu zama a kan dutse sun iya abin da mu ba mu iya ba. Sukan jera duwatsu hawa-hawa kamar matakala su tare ƙasa don kada ruwa ya wanke ta, su shuka dawa da wake da gyaɗa a wurin da ɗan kwari zai ce ko akuya ba ta tsayawa. Wannan fasaha na cikin abin da ya sa a 1999 aka sa Sukur, da ke ƙaramar hukumar Madagali, cikin wuraren tarihi na duniya. Ba don sha'awa kawai kakanninsu suka hau can ba. A zamanin da ake kai harin bayi, dutse shi ne ganuwarsu. Mu faɗi gaskiya, mun daɗe muna sayen gyaɗarsu da itacensu muna haɗa su duka a suna ɗaya, wai "mutanen dutse", kuma ba kullum ake faɗin sunan da girmamawa ba.

Sai tarihi. Yaranmu da yawa ba su san cewa ranar 1 ga Oktoba 1960, da aka ɗaga tutar Najeriya, Mubi ba ta ciki ba. Wannan yanki yana ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa tun ƙarni na 19, sai Jamusawa suka mamaye shi a farkon ƙarni na 20 suka sa shi cikin Kamarunsu. Da aka ci Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka raba ƙasar tsakanin Faransa da Ingila, mu muka faɗa rabon Ingila a matsayin amana, daga baya amanar ta koma hannun Majalisar Ɗinkin Duniya. Rabon Ingila kashi biyu ne. Akwai na kudu mai bakin teku, inda Buea take da Victoria wadda yau ake kira Limbe. Akwai na arewa mai duwatsu, wanda Mubi ke ciki. A Nuwamba 1959 aka tambayi mutanen arewa, suka ce a dakata tukuna. A Fabrairu 1961 aka sake ƙuri'ar raba gardama: mutanen bakin teku suka zaɓi Kamaru, mutanen tudu kuma, kusan kashi 60 cikin 100, suka zaɓi Najeriya. Ranar 1 ga Yuni 1961 aka shigo, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna saboda Sardauna Ahmadu Bello, kuma Mubi ce hedikwata.

Akwai abu ɗaya a cikin wannan ƙuri'a da ya shafe mu kai tsaye. Sharaɗin jefa ta a nan arewa shi ne mutum ya kai shekara 21 kuma ya zama mazaunin yankin, namiji ko mace. Ba a tambayi garin kakan kowa ba. Ke nan kakanninmu da ke zaune a Mubi a lokacin suna cikin waɗanda aka tambaya. Tsofaffinmu mata sun sha ba mu labarin yadda suka yi lulluɓi suka bi layi, abin da matan Kano da Katsina ba su samu ba sai bayan shekaru masu yawa. Wannan gari da hannun kakanninmu aka shigo da shi Najeriya, tare da hannun Gude da Fali da Fulani da sauran jama'a.

Daga nan aka yi ta sauya mana riga. A 1967 muka shiga Jihar Arewa maso Gabas, ana zuwa Maiduguri. A 1976 aka yi Gongola, aka koma Yola, kuma a shekarar ne aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul a ƙasa baki ɗaya, aka kawo ƙarshen mulkin En'e. A 1991 aka raba Gongola, muka zama Adamawa. A 1996 aka raba Mubi kanta gida biyu: Mubi ta Arewa mai hedikwata a cikin gari, da Mubi ta Kudu mai hedikwata a Gella. Ta Arewa mazaɓu 11 gare ta, cikinsu har da Sabon Layi, Kolere, Lokuwa, Yelwa, Digil, Vimtim, Muchalla da Mayo Bani. Ta Kudu 10 ne, cikinsu akwai Lamorde, Nassarawo, Gude, Kwaja, Mujara da Gella. Gari ɗaya, kasuwanci ɗaya, amma ciyaman biyu. Kana iya kwana a ƙarƙashin ɗaya ka buɗe shago a ƙarƙashin ɗayan. Sarauta ma an taɓa ta: masarautar Mubi da a da ta haɗa har Maiha da Michika da Madagali, a Disamba 2024 gwamnatin jiha ta ba waɗannan ukun nasu masarautun.

Duk wannan sauyi, yawancinmu a rediyo muka ji shi, muka ce Allah Ya sa alheri, muka koma kasuwa. Abin da ya koya mana ƙasar nan da ƙarfin tsiya shi ne ranar 29 ga Oktoba 2014.

Ba sai mun tuna wa kowa ba. Ranar da 'yan Boko Haram suka shigo gari, hanyar da muka sani ita ce ta zama abin tsoro. Waɗanda suka samu mota suka yi sa'a. Sauranmu ƙafa muka sa, muka nufi duwatsun nan da muka shekara muna kallo daga ƙofar masallaci. Mata da goyo, tsofaffi da sanda, yara ba takalmi. A nan muka gane ba mu san sunan ƙauye ko ɗaya ba bayan wanda ke bakin titi. Ba mu san inda ruwa yake ba, ba mu san wace hanya ke ɓullewa Kamaru ba, wace ke ƙarewa a bakin rami. Mutanen da muke kira na dutse su suka tare mu. Wata tsohuwa da ba ta jin Hausa sosai ta fito mana da ruwa a ƙwarya, ta dama kunu ta ba yara. Wani saurayi ya ajiye aikin gonarsa ya shige mana gaba har ya nuna mana gangaren da za mu bi, muka miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa. Su ma a tsorace suke, wasunsu ma tare muka gudu. Dutsen da ya ɓoye kakanninsu shi ya ɓoye mu.

Da aka ƙwato garin a tsakiyar Nuwamba, da taimakon maharba da 'yan banga tare da soja, muka fara dawowa da kaɗan-kaɗan. Kowannenmu yana da dangi a wani wuri. Wasu sun kai Kano, wasu Yola, wasu sun yi makonni a Kamaru. Amma ba a daɗe ba sai ga mu muna share shaguna muna gyara ƙofofin da aka ɓalle. An ce baƙo raɓa ne, in rana ta yi sai ya tashi. To rana ta yi, mun tashi, kuma mun dawo, domin a can inda muka je mu ne baƙi. Kaburburan iyayenmu a nan suke.

To in haka ne, me ya sa har yau muke ɗaukar ƙaramar hukuma kamar harkar wasu? Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukanta, kuma kusan duka a ƙofar gidanmu suke: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, magudanun ruwa da ƙananan hanyoyi, sa wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Mu da rayuwarmu ke kasuwa da tasha, babu hukumar da ta fi shafar aljihunmu kamar wannan. Kullum muna biyan kuɗin rumfa da kuɗin tikiti. Mu nawa ne ke karɓar rasit su adana? Mu nawa suka taɓa tambayar inda kuɗin ke zuwa? Zaɓen shugaban ƙasa muna kwana a layi muna musu kamar za a ba mu minista. Ranar zaɓen kansila kuwa, wanda hukumar zaɓe ta jiha ke shiryawa, sai mu ce ai an riga an gama, mu ja tabarma mu kwanta.

Ga misali daga layinmu. Akwai kwalbatin da ruwan dutse ke bi in ya gangaro. Shekara uku yana toshewa da yashi da leda, duk watan Agusta sai ruwa ya shiga gidaje huɗu, ya jiƙa hatsi, ya zubar da katanga. Shekara uku muna zagin gwamnati a kan benci. Bara dai wasu matasanmu suka gaji, suka je wurin jauro, suka rubuta takarda da sa hannun magidanta, suka kai wa kansila, suka yi ta sintiri. Ba a yi mana sabon kwalbati ba. An turo mota ta kwashe yashin, mu kuma muka yi gayya muka yashe lambatu. Bana ruwa bai shiga gidan kowa ba. Wani daga cikin matasan ya ce abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tambayar farko da aka yi musu: "Ina kuke tun da?"

Kuma ruwan da ke toshe mana kwalbati daga sama yake zuwa. In an sare itatuwan dutse an yi gawayi, mu ne masu saye, kuma mu ne yashin ke sauko wa. Matsalar mai gona a Kwaja ko Muchalla da matsalar mai shago a cikin gari, igiya ɗaya ta ɗaure su, kuma majalisar ƙaramar hukuma ce wurin da doka ta tanada su zauna tebur ɗaya. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su. Hukunci daban, aiki da shi daban, mun sani. Amma ko da kuɗin ya iso gaba ɗayansa, wanda bai san sunan kansilansa ba ta ina zai bi sawu?

Mu koma ga takardar yaronmu. Maganar asali ba Mubi ta ƙirƙiro ta ba, matsalar ƙasa ce baki ɗaya. Tsarin mulki ya ɗaura zaman mutum ɗan wata jiha a kan al'ummar da iyayensa ko kakanninsa suka fito, shi ya sa Bahaushen Jos da na Ibadan ke fama da irin wannan tambaya, haka shi ma Bamargin da aka haifa a Kano. A unguwarmu akwai gidajen da suka samu takardar a nan ba wahala, jauro da hakimi suka shaide su. Akwai kuma waɗanda suka tura yaro garin kaka, ya je ya tsaya a gaban mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, sai da aka nemo wani tsoho ya tuna sunan kakan. Mu ma ya kamata mu fahimci tsoron masu ƙasa. Ƙaramar ƙabila da gurbin aikinta da na karatunta bai taka kara ya karya ba, dole ta riƙe shi da hannu biyu. Wannan magana ce da ke son zama da haƙuri, ba ta gyaruwa da ɗaga murya.

Sai dai akwai abin da ba ya buƙatar takardar asali. Katin zaɓe a inda kake zaune ake yin sa. Zuwa taron mazaɓa ba a tambayar garin kaka. Karɓar rasit, zuwa gaisuwar mutuwa a ƙauyen abokin ciniki, koyon gaisuwa da Gude ko Fali kamar yadda muka koyi Fulatanci, shiga kwamitin makarantar firamare ko na asibitin unguwa, duk ƙofofi ne a buɗe. Wanda aka saba ganinsa a waɗannan wurare, ranar da ɗansa ya zo neman shaida ba zai rasa mai cewa na san gidansu ba.

Don haka ga roƙonmu ga 'yan unguwa. Kowane magidanci ya san mazaɓarsa da sunan kansilansa, ya koya wa iyalinsa. Ƙungiyar matasa ta riƙa gayyatar kansila sau biyu a shekara, kafin damina da bayan kaka, a zauna a ƙofar jauro a faɗa masa abin da ke damunmu a rubuce. Malaman makarantunmu, na boko da na Islamiyya, su ɗauki yara ko sau ɗaya a kai su Gella, a kai su gindin dutse, a nuna musu inda Yedzaram ke fitowa da inda ya nufa. Masu harkar Tike da babbar kasuwa kuma su daina jin kunyar cewa a ba ni rasit.

Shi kuwa yaron, washegari mahaifinsa ya sa babbar riga ya kama hannunsa suka tafi gidan jauro, maimakon tashar Kano. Jauron ya dubi yaron ya ce, "Kai jikan wane ne ko? Ai kakanka shi ya sai wa babana jakinsa na farko." Ya ce su dawo ranar Litinin da hoto biyu da takardar haihuwa, ya ga abin da zai iya yi. Har muka kai wannan rubutu ga masu buga mujalla suna jira. Allah Ya sa a dace, Ya zaunar mana da Mubi lafiya, tudunta da kwarinta.